Dangin Aya a Matsayin Lulluɓin Ƙasa a Lambunan Inuwa: Nazari Daga Ƙasar Baure

Tsakure

Masu tsara lambuna a Turai da Amurka sun daɗe suna shuka wasu tsirrai 'yan asalin ƙasashensu, daga dangin da aya ta fito, domin su lulluɓe ƙasa a ƙarƙashin itatuwa, inda ciyawa ba ta iya rayuwa. Wannan muƙala ta duba ko dabarar za ta karɓi ƙasar Baure ta masarautar Daura. An nazarci tsirrai huɗu da Bahaushe ya sani da sunayensu, wato aya da aya-aya da kajiji da gemun kwaɗo, aka auna halin kowanne da ire-iren inuwar da ake samu a yankin, da kuma al'adar share ƙasa ƙal a tsakar gida da gindin itace. Nazarin ya gano cewa 'yan dangin aya na ƙasar Hausa masu son rana da laima ne, saboda haka ba kowace inuwa ke karɓar su ba. Ya kuma nuna cewa sunayen da Hausawa suka raɗa wa tsirran, da karin maganganunsu a kan inuwa, sun riga sun ƙunshi bambance-bambancen da mai lambu yake bukatar sani kafin ya sa iri a ƙasa.

Fitilun kalmomi: aya, aya-aya, kajiji, gemun kwaɗo, inuwa, lulluɓin ƙasa, Baure.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya lura da gindin manyan itatuwa a makarantu da asibitoci da lambunan arewacin jihar Katsina zai tarar da abu guda, wato ƙasa tsirara. Da damina ɗigon ruwan da ke sauka daga ganye yana dukan ta, kwararar ruwa ta kwashe ta. Da hunturu kuma iska ta ɗebe turɓayar, har saiwoyin itace su fito fili. Itacen yana ba mutum inuwa, amma ƙasar da ke ɗauke da shi ba ta da sutura.

A wannan muƙala, "lulluɓin ƙasa" na nufin gajeren tsiro da ake shukawa a cunkushe domin ya rufe fuskar ƙasa, ya riƙe ta da saiwoyinsa, ya rage ƙafewar laima, ya kuma hana wasu ciyayi samun wurin tsira. Ba don girbi ake shuka shi ba, ko da yake yana iya ba da wani amfani. A ƙasashe masu sanyi, tsirran da suka yi fice a wannan aiki 'yan jinsin Carex ne, jinsi mai nau'o'i kusan 2,000. Misali, a gabashin Amurka ana shuka Carex pensylvanica a ƙarƙashin itatuwa a maimakon ciyawar da ake yi wa aski. Dalilin nasararsa shi ne a dajin can ya samo asali, ya saba da inuwa tun fil'azal.

Matsalar da muƙalar ta tunkara ita ce, jinsin Carex ba na ƙasa mai zafi da rairayi ba ne. A yankunan Afirka masu zafi, galibi a kan tsaunuka masu sanyi ake samun sa. Wanda ya karanta shawarar shuka "ɗan asalin ƙasa daga dangin aya" ya nufi aiwatar da ita a Baure, dole ya tambayi kansa wane ɗan dangi, kuma a wace inuwa. Kuskure a amsar tambayar farko yana iya jefa lambu cikin annobar ciyawar da za a shekara ana yaƙi da ita. Kuskure a ta biyu kuwa asarar iri ce da ruwa da wahala.

1.1 Hanyar Nazari

An dogara ga sunayen tsirrai kamar yadda suke a bakin Hausawa, aka gwama su da abin da aka taskace a rubuce. Cikin ayyukan da suka tattara sunayen akwai littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai cikin Hausa na 1916, da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma na 1937, wanda H. M. Burkill ya sabunta, juzu'in farko mai ɗauke da dangin aya ya fito a 1985. Akwai kuma ƙamusun G. P. Bargery na 1934. Daga nan aka ɗora abin da ilimin tsirrai ya tabbatar game da halin kowane tsiro, aka auna shi da yanayin ƙasar Baure.

2.0 Ƙasar Baure da Yanayinta

Baure ɗaya ce daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen jihar Damagaram, ta kuma yi iyaka da jihar Jigawa. Faɗinta murabba'in kilomita 707 ne, ƙidayar 2006 kuma ta nuna tana da mutum 197,425. Galibin ƙasar jigawa ce mai rairayi, wadda gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi suka fi karɓa.

Abu uku na yanayin wurin suke da tasiri a kan batun da ake nazari. Na farko, damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuwa babu ruwan sama. Na biyu, rairayi ba ya riƙe ruwa, yana zuƙe shi ya wuce ƙasa cikin hanzari. Na uku, iskar hunturu da guguwar farkon damina suna samun ƙasa a lokacin da ta fi bushewa da tsiraici. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da ake lissafawa a bakin kwararowar hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa na Tarayyar Afirka, da aka amince da shi a 2007, ya shafa. Sai dai hankalin irin waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga dasa itatuwa. Abin da zai rufe ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan bai cika samun kulawa ba.

3.0 Dangin Aya da Siffofinsu

Bahaushe yakan kira yawancin 'yan wannan dangi "ciyawa" ko "haki", amma masana tsirrai sun ware su a dangi mai zaman kansa, Cyperaceae, mai nau'o'i fiye da 5,000 a duniya. Ana iya gane bambancin da yatsa. Karan gero ko na gamba a mulmule yake, yana da gaɓoɓi, ganyensa kuma jeri biyu ne. Karan aya kuwa, idan aka murza shi tsakanin yatsu, za a ji kusurwa uku, ba shi da gaɓa, ganyensa kuma yana fitowa ta fuska uku. Wani abin lura shi ne, aya da aya-aya suna sarrafa hasken rana ne ta irin hanyar da gero da dawa da masara suke bi, hanyar da ta dace da zafi da rana mai ƙarfi. 'Yan jinsin Carex kuwa suna bin hanyar da alkama da shinkafa suke bi, wadda ta fi jure ƙarancin haske. Wannan shi ne tushen bambancin da ya sa ba za a kwafo dabarar ƙasashen sanyi kai tsaye ba.

3.1 Aya

Aya, wato Cyperus esculentus, ita ce uwar dangi a idon Bahaushe, domin ita kaɗai yake nomawa don ci. Tsohon abinci ce ƙwarai, an tsinci ƙwayoyinta a kaburburan Masar ta dā. A yau ana yin kunun aya da daƙuwa da ita, ana kuma cin ta ɗanya ko soyayya. Jihar Maraɗi ta Nijar ta yi fice wajen nomanta, a yankin Balansiya na ƙasar Sifen kuma ana yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Tana nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Kowace ƙwaya tana fitowa ita kaɗai a ƙarshen siririyar saiwa, tana da zaƙi, furen tsiron kuma rawaya-rawaya ne.

Shigar aya cikin harshe ta nuna daɗewarta a rayuwar Hausawa. Ana cewa an "gasa wa wane aya a hannu" idan an ba shi wuya, ana kuma maganar "rarrabe aya da tsakuwa" idan ana nufin tantance mai kyau daga marar kyau. Wannan magana ta biyu daga sussukar aya ta samo asali, domin ƙwayar tana fitowa ne gauraye da tsakuwa mai girma irin nata. Yadda ake girbin ta a manyan gonakin Maraɗi ya cancanci lura: ana ƙone busasshen ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe ta a rariya. Ƙasar da aka yi wa haka tana zama gari, ba abin da ya rufe ta, a daidai lokacin da iskar hunturu take tasowa. Ke nan, aya a matsayin amfanin gona tana iya tsiraita ƙasa. Idan ana so ta zama lulluɓi, sai an sauya manufa, a bar ganye da saiwa a inda suke.

3.2 Aya-aya

Aya-aya, da wasu ke kira jiji, ita ce Cyperus rotundus. Ginin sunan kansa darasi ne. Cikakken ninki a Hausa yakan nuna kama da abu ba tare da kaiwa matsayinsa ba, kamar a "fari-fari" da "ruwa-ruwa" da "gishiri-gishiri". Saboda haka aya-aya na nufin mai kama da aya wadda ba aya ba. Ilimin tsirrai ya gaskata wannan hukunci. Ganyenta ya fi na aya duhu da gajarta, furenta ja-ja ne mai duhu, ƙwayoyinta kuma baƙaƙe ne masu ɗaci da ɗan ƙamshi. Babban bambancin yana ƙarƙashin ƙasa: ƙwayoyin a jere suke kamar carbi, wata saiwa mai tauri ta haɗa su. Idan aka yi noma fartanya ta tsinka carbin, kowace ƙwaya sai ta farka ta zama sabon tsiro.

A littafin da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 a kan ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya, wannan tsiro ne ya zo na ɗaya, an kuma kawo rahotonsa daga ƙasashe fiye da 90. Masu noman rani na ƙasar Hausa ba su bukatar littafi kafin su san haka, domin sun san yadda yake shaƙe albasa da karas da tumatir a fangali. Haɗarin a nan shi ne, a ido aya-aya ce ta fi kowa dacewa da lulluɓin ƙasa: gajeriya ce, koriya shar, tana yaɗuwa da sauri, tana jure tattaki da fari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda ya dasa ta da gangan kusa da fangalin kayan miya ya sayi rigima da kuɗinsa, kuma rigimar ba za ta tsaya a lambunsa ba, za ta tsallaka na maƙwabci.

3.3 Kajiji

Kajiji, wato Cyperus articulatus, ya sha bamban da sauran. Karansa a mulmule yake, dogo ne da kan wuce mita ɗaya, kusan ba shi da ganye, a cikinsa kuma akwai shamaki-shamaki da ke bayyana kamar gaɓoɓi idan ya bushe. A bakin tafki da fadama yake tsira. Darajarsa tana ga saiwarsa mai ƙamshi, wadda mata suke sakawa a haɗin turaren wuta da na tufafi, masu maganin gargajiya kuma suke amfani da ita. Tsawonsa da ƙishirwarsa sun hana shi zama lulluɓin ƙasa. Sai dai yana da gurbi a lambu: bakin kududdufi, ko inda ruwan rijiya yake taruwa, inda saiwoyinsa za su riƙe gaɓa kada ta zube, mai lambu kuma ya samu abin sayarwa.

3.4 Gemun Kwaɗo

Gemun kwaɗo suna ne da ya game ƙananan 'yan dangi da dama masu siraran ganye a cure, waɗanda masana tsirrai suka rarraba a jinsuna irin su Fimbristylis da Bulbostylis da Kyllinga. Harɗaɗɗen suna ne mai bin tsarin da aka sani a sunayen tsirrai na Hausa, inda ake jingina tsiro ga dabba domin a nuna ba na mutane ba ne, kamar "gautan kura" da "albasar kwaɗi". Kalmar "gemu" ta siffanta ganyen, "kwaɗo" kuma ta nuna mazauni, wato wuri mai laima, ta kuma nuna ƙanƙanta. Akwai raha a ciki, tunda kowa ya san kwaɗo ba shi da gemu.

Ta fuskar tsawo, waɗannan ne suka fi kusa da abin da ake nema, domin da yawansu ba su wuce taƙi ɗaya ba. Amma sun kasu biyu. Wasu 'yan shekara ɗaya ne, suna fitowa da damina a kan rairayi, su zubar da iri, su mutu da kaka. Wasu kuma, musamman na jinsin Kyllinga, suna da saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, suna yin shimfiɗa kamar tabarma, suna rayuwa shekara da shekaru muddin akwai laima, kuma suna jure inuwa marar kauri. Wannan kashi na biyu shi ne ya fi cancanta a gwada. Mai lambu zai gane shi ta hanyar tono: idan curin ya fito shi kaɗai da siraran saiwoyi kamar gashi, na shekara ɗaya ne, idan ya fito a sarƙe da na kusa da shi, mai daɗewa ne.

4.0 Inuwa Iri-iri Ce

Hausawa ba su ɗauki inuwa abu guda ba. Karin magana ya ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha," ya kuma ce, "Inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya." Ko da yake halin mutane ake nufi, zantukan sun ginu ne a kan lura ta gaskiya da yadda kowane itace yake jefa inuwarsa. Idan aka bi wannan lura, za a iya kasa inuwar lambunan Baure gida uku.

Kashi na farko ita ce inuwa mai kauri, irin ta mangwaro da tsamiya da darbejiya idan sun manyanta. Rana ba ta ratsa ta sai kaɗan, saiwoyin itacen kuma suna zuƙe laimar saman ƙasa. Babu ɗan dangin aya na ƙasar Hausa da zai yi lulluɓi mai kyau a tsakiyar irin wannan inuwa. Aya za ta tsiro daga abincin da ke cikin ƙwayarta, ta yi tsawo siririya tana neman haske, ta kwanta, ba ta yi 'ya'yan kirki ba. Abin da ya dace da wurin shi ne a bar busasshen ganyen itacen ya rufe ƙasa, a yi shuka daga gefen inuwar, inda hantsi ko la'asar suke kaiwa.

Kashi na biyu ita ce inuwa mai ratsin rana, irin ta zogale da gwaiba da lemun tsami, da ta dogayen itatuwa irin su dabino da goriba da giginya, waɗanda inuwarsu take zagayawa da tafiyar rana. A nan ƙasa tana samun haske na wasu sa'o'i kowace rana, zafin tsakar rana kuma yana raguwa. Wannan ce inuwar da ta fi dacewa da aya da gemun kwaɗo mai daɗewa, domin tana ba su hasken da suke bukata, tana kuma rage musu ƙishirwa.

Kashi na uku ita ce inuwar gawo, wadda ba ta da na biyu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Ma'ana, a lokacin da tsiron ƙasa yake girma yana samun rana sosai, a lokacin da rana ta fi ƙuna kuma yana samun inuwa. Ga shi ganyen da ya zuba taki ne. Wannan hali ne ya sa manoma suke barin gawo a tsakiyar gona, ya kuma sa ya zama jigon farfaɗo da itatuwan gona da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka yi a tsallaken iyaka tun daga shekarun 1980. A duk inda gawo yake cikin harabar makaranta ko lambu, gindinsa ne wuri na farko da ya kamata a gwada lulluɓin ƙasa.

5.0 Al'adar Shara da Matsayin Lulluɓin Ƙasa

Ko an dace da tsiro an dace da inuwa, akwai sauran shinge na al'ada. A wurin Bahaushe, sharariyar ƙasa alama ce ta tsafta da kula. Gidan da ciyawa ta fito a tsakarsa ana yi masa kallon kango, matar gidan kuma ana yi mata kallon ƙazama. Gindin itacen ƙofar gida majalisa ce, a nan ake shimfiɗa tabarma, a nan almajirai suke karatu, a nan masu sana'a suke zama. Bai kamata a ɗauki wannan al'ada a matsayin rashin sani ba. Sharariyar ƙasa tana tona asirin maciji da kunama, domin sawunsu yana bayyana a kan turɓaya. Tana hana sauro maɓoya da damina, tana hana gobara abin ci da rani, tana kuma nisanta gara daga katangar ƙasa da rumbu.

Saboda haka, shawarar da ta ce a rufe tsakar gida ko dandalin hira da tsiro ba za ta karɓu ba, kuma bai dace ta karɓu ba. Wurin lulluɓin ƙasa shi ne inda ba a zama: tsakanin layukan itatuwan marmari a garka, gefen magudanar ban ruwa, bayan ajujuwa, gangaren da ruwa yake zaizayewa, da kewayen rijiya ko famfo inda ruwa yake zuba a banza. Al'adar da kanta ta riga ta raba "gida" da "lambu" da "gona", ta ba kowanne hukuncinsa. Aikin mai kawo sabuwar dabara shi ne ya mutunta wannan rabo.

6.0 Matakan Shukawa da Kulawa

Bisa abin da ya gabata, ga matakan da suka dace da mai lambu a ƙasar Baure.

Mataki na farko shi ne auna haske. A lura da wurin yini guda, daga hantsi zuwa la'asar. Idan rana ba ta taɓa ƙasar na aƙalla sa'o'i uku zuwa huɗu ba, a rage rassan ƙasa na itacen, ko a nemi wani wuri.

Na biyu, tsabtace ƙasa daga aya-aya. A yi kaftu da bazara, a juyo ƙwayoyinta sama, a bar su a rana. Bushewa tana kashe su, abin da fartanya ba ta iya yi. A maimaita kafin ruwa ya sauka, a tsince abin da ya fito.

Na uku, gyaran rairayi. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi a gauraya da saman ƙasa domin ta riƙe laima. A kula da tushen takin da na ƙasar da aka ɗebo daga fadama, domin ta nan ne aya-aya ta fi shiga lambu.

Na huɗu, shuka. Idan aya ce, a jiƙa iri kwana ɗaya ko biyu, a shuka shi a zurfin gaɓar yatsa biyu, da tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, bayan damina ta zauna. Idan gemun kwaɗo ne, a ɗebo shi da ƙasarsa daga gefen magudana ko fadama, a rarraba curin, a dasa da yamma, a ba shi ruwa. Kada a kwashe wuri guda ƙaf. Tsakuwa ɗaya ba ta daɓe: lulluɓi ba ya samuwa sai tsirran sun yi kusa da juna har ganyensu ya haɗu.

Na biyar, iyaka. A bar kewayen kututturen itace fili kamar taku ɗaya, musamman ƙaramin dashe, domin kada su yi gasar ruwa. A haƙa ɗan rami ko a binne jerin bulo tsakanin lulluɓin da fangalin kayan miya, domin aya ma, idan ta samu sake, takan zama ciyawa. A kuma bar hanyar ƙafa a share.

Na shida, kulawar rani. Inda ake ban ruwa, gemun kwaɗo mai daɗewa zai ci gaba da zama kore da ragowar ruwan itatuwa. Inda ba a yi, ganyen aya zai bushe da kaka. Kada a ƙone shi, kada a tuge. A yanke shi da lauje a kwantar a wurin. Busasshen lulluɓi ma yana tare iska, ƙwayoyin da ke ƙasa kuma za su tsiro da ruwan farko. Wanda yake son ɗan abin taunawa yana iya tonon wani sashe, ya bar saura. Darni ko shinge wajibi ne, domin da rani awaki da tumaki a sake suke.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, 'yan dangin aya na ƙasar Hausa ba tsirran inuwa mai kauri ba ne, inuwa mai ratsin rana da inuwar gawo su ne iyakar abin da suke ɗauka. Na biyu, cikin tsirrai huɗun, gemun kwaɗo mai daɗewa ne ya fi dacewa da wuri mai laima, aya ta dace da lulluɓin damina, kajiji na bakin ruwa ne, aya-aya kuwa abin gudu ce. Na uku, a Baure ruwa ne yake yanke hukunci fiye da inuwa, saboda haka kore na duk shekara ba zai samu ba sai inda ruwa ya riga ya saba zuba. Na huɗu, ginin sunayen tsirran, ta hanyar ninki da jingina ga dabba, yana ɗauke da bayani a kan amfani da mazauni wanda ya yi daidai da abin da ilimin tsirrai ya tabbatar.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa abin da ya cancanci aro daga masu lambunan ƙasashen sanyi shi ne ƙa'idar, wato a nemi tsiron da ya saba da wuri a ba shi aikin rufe ƙasa. Jerin tsirransu kuwa nasu ne. A nan ne manazarta Hausa suke da rawar takawa. Sunan gemun kwaɗo ya game tsirrai masu hali daban-daban, kuma tsofaffin masu garka da makiyaya da mata masu haɗa turare su ne suke riƙe da ƙananan bambance-bambancen da ke tsakaninsu. Yawancin abin da aka taskace a rubuce an tattara shi ne tun farkon ƙarni na 20. Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa gwiwa da na kimiyyar tsirrai da na aikin gona, a bi ƙauyukan Baure da Zango da Mai'aduwa, a naɗi sunayen kamar yadda ake furta su a karin harshen Daura, a haɗa kowane suna da samfurin tsironsa da wurin da aka same shi. Malamin gona da zai ce wa manomi ya dasa wannan ya guji wancan, da Hausa zai faɗa, kuma sai sunan da ya ambata ya zama wanda manomin ya sani.